Layar da aka yanke daga wuyan 'yata, da tambayar wa ke tsaron gari

Malamin Tarihi, Kasala:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kwana huɗu ke nan wata magana ta tsaya mini a ƙirji, ku yi haƙuri da tsawonta.

Daren da muka fita daga Wad Madani gudun yaƙin Sudan, a Disambar 2023, muna cunkushe a bayan akori-kura, Hajiyarmu, wato mahaifiyata, ta kwance bakin zanenta ta ciro wata laya da fatarta ta yi baƙi don tsufa, ta rataya wa 'yata mai shekara uku. Ban ce uffan ba. Akwai wata Balarabiya kusa da mu, duk sanda muka tunkari shinge sai ta ce "ya Abu Hashim", kiran wani shehin ɗariƙar Khatmiyya ke nan, mijinta kuma yana ta jan hasbunallahu. Yarinyar nan 'yar Habasha mai shayin unguwarmu ta damƙe wani ɗan hoto na mutum bisa farin doki yana soke maciji, tana sumbata. Allah Ya kai mu Gadarif, daga can muka wuto Kasala.

Layar na wuyan yarinya har ran Juma'ar nan da ƙanena ya zo daga Bur Sudan. Da ganinta sai ya ɗauko almakashi ya yanke igiyar a gaban Hajiya, ya ce shirka ce. Tun ranar ba ta ci abin kirki ba, in ya shigo ɗaki sai ta juya fuska bango. Layar tana aljihuna yanzu haka.

Kafin yaƙi na sha kai ɗalibai Naga'a, arewa maso gabas da Khartum, mu tsaya gaban ɗakin bautar Afedemak, gunkin mutanen Marawiyar dā mai kan zaki, wanda sarki Natakamani da sarauniya Amanitore suka gina masa a ƙarni na 1 miladiyya. A bangon baya an zana shi da kai uku da hannu huɗu, sarki a gefe guda, sarauniya a ɗaya gefen. Nakan ce wa yara wannan shi ne wanda suka ɗauka yana tsare musu mulki da iyaka, in faɗa kamar labarin mutanen da suka shuɗe. A motar nan na gane abin bai shuɗe ba. Tambayata biyu. Shin akwai al'ummar da ba ta taɓa riƙon wani mai tsaro na ɓoye ba? Kuma ina iyaka take tsakanin abin da mutanen Naga'a suka yi da abin da mahaifiyata ta yi?

Ɗalibi a Madina:
Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ta biyun zan ɗauka. Imam Ahmad ya ruwaito daga Uƙba ɗan Amir cewa wanda ya rataya laya ya yi shirka. Ƙanenka na da hujja. Kuma Musulmi bai rasa masu tsaro ba balle ya nema a fata da zare. Suratur Ra'ad aya ta 11 ta ce kowa yana da mala'iku masu karɓa-karɓa gabansa da bayansa, suna tsare shi da umarnin Allah. Suratuɗ Ɗariƙ aya ta 4 ta ce babu ran da ba shi da mai tsaro a kansa. Bambancin shi ne ba ma kiransu, ba ma yi musu yanka, ba ma sanin sunansu ma. Wanda Ya aiko su muke roƙo.

Baba na Maiurno:
Ɗana na Madina, karatunka daidai ne amma ka tsallake wani shafi. Mu a nan da Risala aka yaye mu, kuma Ibn Abi Zaid ya faɗa ɓaro-ɓaro a ƙarshenta cewa babu laifi a rataya abin neman tsari in Alƙur'ani ne a ciki. Magabata sun saɓa a kan wannan tun zamanin sahabbai, Ibn Mas'ud da mutanensa sun hana, wasu sun yarda. Abin da aka saɓa a kai ba a shigo masa da almakashi a gaban uwa. Kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903 suka ratso Borno da Wadai da Darfur a ƙafa har bakin wannan kogi na Shuɗin Nilu, malamai ne masu ƙin tsafi, kuma da layunsu suka zo.

Ɗalibi a Madina:
Baba, Allah Ya ƙara girma, na karɓi gyara a kan saɓanin. Sai dai sharaɗin da ka ambata shi ne maganar: in Alƙur'ani ne a ciki. Wa ya buɗe ta ya gani?

Ungozoma, Umdurman:
Ku bar ni in sa baki, don ku maza ba ku shiga inda muke shiga. Shekara ashirin da bakwai ina karɓar haihuwa, Hausawa da Ja'aliyyai da Nuba da 'yan Kudu. Ban taɓa shiga ɗakin jego na tarar babu wani abu ba. Wata wuƙa ƙarƙashin matashi, wata Musahafi a kan angarib, wato gado, wata gishiri da habbatus sauda a ƙulli, wata gicciye. Ran arba'in mata na rakiyar mai jego bakin Nilu ta wanke fuskarta da ta jariri, tsofaffi su jefa ɗan dabino ko hatsi a ruwa, su ce na mala'ikun kogi ne. In ka tambaye su sai su ce Musulmi ne su, kuma da gaske suke, suna salla suna azumi.

Malam ya fi ni sani, amma na ji an ce Misirawan dā suna da wani gunki gajere mai muni, Bes, da wata mai siffar dorina, Taweret, aikinsu ke nan tsaron mai naƙuda da jariri. Ban yi mamaki ba ko kaɗan. Macen da ta binne 'ya'ya biyu kafin yaye, duk abin da aka ce zai tsare na ukun za ta kama. Ba ina halatta shi ba ne. Ina so dai wanda zai hana ya fara sanin abin da ke cin matar.

Malamin Tarihi, Kasala:
Haka ne Yaya Ungozoma, Bes da Taweret. Kuma Hajiya ta binne uku kafin ni.

Injiniya, Marawi:
Ni tambaya ta farko zan taɓa. Na yi aiki da 'yan Sin shekara huɗu a wajen gini. Mai dafa musu abinci ya liƙa wata jar takarda mai hoton dattijo a saman murhu. Ya ce sunansa Zao Jun, yana zaune a kicin duk shekara yana kallon halin mutanen gida, in shekara ta zo ƙarewa, wajen 23 ga watansu na 12, sai ya hau sama ya kai rahoto. Shi ya sa suke shafa masa zuma ko alewa a baki kafin su ƙone takardar, don ya faɗi mai daɗi. Da na ba shi labarin mala'iku masu rubutu a dama da hagu sai ya ce ai iri ɗaya ne. Na ce masa namu ba sa karɓar zuma. Ya yi shiru ya ce to naku sun fi wuya.

Shi ya gaya mini kowane tsohon birni a ƙasarsu yana da Cenghuwang, ma'anar sunan ganuwa da gwalalo, galibi wani hakimi ne ko jarumi da ya mutu aka naɗa shi mai tsaron birnin. Sarkin da ya kafa daular Ming har muƙamai ya raba musu gwargwadon girman garuruwansu, kamar ma'aikatan gwamnati. Masunta da matuƙan jirgin ruwa kuma suna da tasu, Mazu.

Likita, Atbara:
A Indiya na yi karatu. Can abin hawa-hawa ne: na ƙauye daban, na dangi daban, sannan wanda mutum ya zaɓar wa kansa. Sunan Mumbai ma daga Mumba Debi ya fito, wadda masuntan wurin ke riƙo. Abokin ɗakina ba ya shiga jarrabawa sai ya tsaya gaban Ganesha mai kan giwa, wai shi ke kawar da cikas. Yaro ne mai ƙoƙari ƙwarai, shi ke zuwa na ɗaya.

Baba na Maiurno:
Kuna ta tafiya Sin da Hindu kun bar gida. Malam, kai ne mai tarihi, ba su labarin Dala.

Malamin Tarihi, Kasala:
To Baba. Tarihin sarakunan Kano ya buɗe ne da Barbushe, wanda ke zaune a dutsen Dala yana hidimar Tsumburbura. Wurinta itaciya ce da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi, sau ɗaya a shekara jama'a su taru da baƙaƙen dabbobi, ya shiga ya fito ya gaya musu abin da shekara za ta kawo. Daura na da macijin rijiyar Kusugu. Maguzawa kowane gida da kan gidansa, dabbar da ba sa ci ba sa kashewa, da iskan da suka gada daga kaka, ga Uwar Gona da ake wa yanka kafin shuka.

Amma wanda ya hana ni barci jiya shi ne Dirki. Bayan Musulunci ya kafu a Kano da ƙarnuka, sarakuna na da wani abu da aka nannaɗe da fatu ana kiransa Dirki, ana yanka masa shanu in gari ya shiga ƙunci. Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, da ya gaji da ba da shanu sai ya sa aka sare shi da gatura. Me aka tarar a ciki? Alƙur'ani. Aka ce masa za a kore ka daga ƙasar nan kamar yadda ka kori Alƙur'ani daga Dirki, kuma jihadi ya kore shi, ya rasu a 1807. Abin da ke ciki gaskiya ne, abin da ake yi masa a waje tsafi ne. Ina juya layar nan a hannu ina tunanin Dirki.

Ɗalibi a Madina:
Malam, ka kawo mini hujjata da kanka. Shi ya sa waɗanda suka hana suka hana ko da Alƙur'ani ne: yau aya ce a fata, gobe fatar ake tsoron cirewa. Kuma Larabawan jahiliyya ba su musanta Allah ba. Saƙifawa na da Lata a Ɗa'if, Ƙuraishawa na da Uzza a Nakhla da Hubal a cikin Ka'aba, Ausu da Khazraju na da Manata a wajen Ƙudaid, kowace ƙabila da mai tsaronta, suna cewa ba ma bauta musu sai don su kusantar da mu ga Allah, kamar yadda Suratuz Zumar aya ta 3 ta hakaito. Matafiyinsu in dare ya riske shi a kwari sai ya ɗaga murya ya nemi tsarin shugaban aljanun kwarin daga wawayen mutanensa. Suratul Jinn aya ta 6 ta ce hakan bai ƙara musu komai ba sai wahala. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai bar matafiyi hannu rabbana ba, ya musanya masa: wanda ya sauka a masauki ya ce a'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ, babu abin da zai cuce shi har ya tashi. Muslim ya ruwaito daga Khaula 'yar Hakim. Ran Uhudu Abu Sufyan ya yi kirari, muna da Uzza ku ba ku da Uzza. Aka ce a amsa masa: Allah ne Majiɓincinmu, ku ba ku da majiɓinci.

Direba, hanyar Gadarif:
Salamu alaikum malamai. Ni ba karatu gare ni ba. Amma na yi shekara shida ina tuƙi a Legas kafin in dawo, direbobin Yarabawa na tasharmu duk shekara sai sun yanka kare don Ogun, shi ne na ƙarfe, na maƙera da mafarauta da masu mota. Wasunsu Alhazai ne. Mu kuma nan ka duba gilashin kowace babbar mota, ko Ayatul Kursiyyu, ko sunan wani shehi, ko tafin hannu mai shuɗin ido. Wanda ya taɓa kwana shi kaɗai a daji da mota ta mutu ya san dalili.

Hajiya 'yar Sinnar:
Tunda an ambaci iskoki bari in faɗi abin da na gani da idona. Gwaggona 'yar bori ce a can gida, Inna ce a kanta, ba ta rabo da farin zane da ƙwaryar nono. Da aka kawo ni aure Sinnar sai na ji maƙwabta na kaɗa ganga kwana bakwai, aka ce zar ne, har ma suna ce masa zar bori. Mu mu ce iska, su su ce rihul ahmar, jar iska. Shehiyarsu na da akwatin turare, kowane iska da turarensa da waƙarsa da tufarsa: Luliyya 'yar Habasha mai son ado, Hakim Basha likita da farar riga, har da na Turawa mai neman sigari. Kamar dai yadda namu ke da Ɗan Galadima da Malam Alhaji da Sarkin Rafi da Barhaza.

Abin da nake so ku lura, iskan nan ba don Allah yake tsare mutum ba. Shi ne ya fara kwantar da ke ciwo, sannan a yi sulhu, ki riƙa ba shi abin da yake so duk shekara, shi kuma ya ƙyale ki. Gwaggona ta sayar da awakinta kaf a kan wannan. Ranar da ta rasa na yanka ta kwana tana kuka don tsoro. Wannan ba tsaro ba ne, haraji ne, irin na masu shingen hanya. Nana Asma'u ta yi gaskiya da ta yaƙi bori a cikin mata, kuma ta yi shi ne da karatu da waƙa da jajis masu bin ƙauyuka, ba da tozarci ba. Don haka Malam, ka raba layar Hajiya da wannan. Laya ba ta taɓa neman akuya a wurinta ba.

Malamin Tarihi, Kasala:
Hajiya, wannan magana taki ta buɗe mini wata ƙofa. Mutanen dā ma cinikin suke yi a fili. Rumawa in sun kewaye gari sukan kira gunkin garin su yi masa tayin ɗaki mafi kyau a Rum in ya yarda ya bar mutanensa. Haka aka ce Kamilus ya yi wa Juno ta birnin Beyi a shekara ta 396 kafin haihuwar Annabi Isa, garin ya faɗi aka ɗauke ta. Babila kuwa sau da dama maƙiya na kwashe gunkin Marduk su tafi da shi, mutanen gari su zauna cikin makoki suna cewa ya yi fushi ya yi ƙaura. Birnin Atina sunan gunkinsa Atena yake ɗauke da shi, amma hakan bai hana Farisawa ƙone shi a 480 kafin haihuwar Annabi Isa ba. Mai tsaron da za a iya saye ko a sace, shi ma yana bukatar mai gadi. Ka kwatanta da Abdul Muɗɗalib gaban Abraha: raƙumansa kawai ya nema, ya ce Ɗakin yana da Ubangijin da zai kare shi.

Ungozoma, Umdurman:
Yarinyar Habasha da ka ambata fa, wane ne a hoton?

Malamin Tarihi, Kasala:
Giyorgis suke ce masa, Kibɗawa su ce Mar Girgis, shi ne kuma waliyyin Ingila. Habashawa sun fita yaƙin Adwa a 1896 da akwatin cocinsa, da suka ci Italiya suka gina masa babban coci a Adis Ababa. Katolika kusan kowace ƙasa da sana'a sun ba ta waliyyi, na Sudan ita ce Bakhita, 'yar Darfur da aka sace tana yarinya aka sayar baiwa, ta rasu a Italiya a 1947, Fafaroma ya ayyana ta waliyyiya a 2000. Suna da ranar mala'iku masu tsaro, 2 ga Oktoba. Su ma fa ba bakinsu ɗaya ba, Furotesta sun ƙi kiran waliyyai tun ƙarni na 16, da hujja mai kama da ta ɗalibinmu. Nubiyawan ƙasar nan da suke Kirista Mika'ilu suka riƙe ƙam. Zanen cocin Faras da aka ceto a farkon shekarun 1960 kafin ruwan dam ɗin Aswan ya cinye wurin, aka raba tsakanin Khartum da Warso, za ka ga sarki ko bishop a tsaye, wani mai tsarki a bayansa ya ɗora masa hannu a kafaɗa. Na sha tsayawa gabansu a gidan tarihi na Khartum. Yanzu gidan kansa an wawashe shi a yaƙin nan.

Direba, hanyar Gadarif:
To "ya Abu Hashim" ɗin fa? Ni ma bakina ya saba.

Ɗalibi a Madina:
Kiran wanda ya rasu a lokacin tsanani, wannan ya fi laya hatsari nesa ba kusa ba. Ka musanya da ya Hayyu ya Ƙayyum, Yaya Direba.

Baba na Maiurno:
Mutanen Khatmiyya za su ce maka tawassuli suke yi, ba su ɗauki Sayyid mai yi ba. Ni ba na faɗa, ban kuma koya wa 'ya'yana ba, Shehu Usmanu ma ya yi kakkausan magana a kan masu haɗa salla da yanka wa duwatsu da itatuwa. Amma ba zan kafirta matar da ke bayan mota tana rawar jiki ba. Malam yana Kasala, ƙubbar Sayyid Hasan na gindin dutsen Taka kusa da shi, ya san yawan masu zuwa.

Shugaban zaure:
Jama'a a tsaya a nan kan tawassuli, mun yi ta bara har mutum biyu suka fita. A koma kan Hajiya, ita ce ba ta cin abinci.

Hajiya 'yar Sinnar:
Yawwa. Malam, ƙanenka ya je ya durƙusa. Ko da ya fi kowa gaskiya. Allah Ya ce ko iyaye sun matsa maka ka yi shirka kada ka bi su, amma ka zauna da su da kyautatawa, balle wannan. A ganinta ba igiya ya yanke ba, ce mata ya yi ba ta san Allah ba, ita da ta koya masa Fatiha.

Ɗalibi a Madina:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Kuma a ba ta madadi. Bukhari ya ruwaito cewa wanda ya karanta Ayatul Kursiyyu zai kwanta, mai tsaro daga Allah ba zai bar shi ba har asuba. Annabi yakan nema wa Hasan da Husaini tsari da bakinsa. A roƙi Hajiya ita ta riƙa yi wa jikarta kowane dare, ta tofa ta shafa mata.

Malamin Tarihi, Kasala:
Salamu alaikum, na dawo, jiya babu sabis. Bayan la'asar na dafa jabana, wato gahawa, na kai mata ƙarƙashin rumfa, ƙanena ya zo ya durƙusa, ya kasa magana sai hawaye. Ta daɗe ba ta dube shi ba, sannan ta miƙa masa finjali. Daga nan ta ba mu labarin da ban taɓa ji ba. Mahaifinta ne ya sa aka rubuta layar a Maiurno bayan ta binne na ukun, aka rataya mini ina kwana bakwai. Ni na fara sa ta, sannan shi mai almakashin.

Na roƙe ta izinin buɗewa. Ta ce a buɗe, amma a gabanta, kuma kada a yaga fatar. Na kira wani baduku ɗan Hausa daga kasuwa ya warware ɗinkin da basilla a hankali. Takarda biyu ce a ciki, sun yi ja, tawadar ta ci gefe. Ta farko Ayatul Kursiyyu ce da Falaƙi da Nasi, da rubutun warash irin na allo, mai kyau ƙwarai. Ta biyu hatimi ne mai gida tara da lambobi, a kusurwoyinsa huɗu Jibrilu da Mika'ilu da Israfilu da Azara'ilu, a ƙasa kuma wasu kalmomi uku da ni da ƙanena da badukun duk muka kasa karantawa.

Da dare ita ta yi wa yarinyar tofi, ta ci kisra da miyar kuɓewa. Fatar tana bakin zanenta, ta ce ta mahaifinta ce. Takarda ta farko na sa ta cikin Musahafi. Ta biyun ce ban san yadda zan yi da ita ba.

Baba na Maiurno:
Ɗauki hotonta da rana, kusa sosai, ka turo mini ni da yaron Madina. Kalmomin ukun nake son gani.